Lantana: Fulawar Ado Da Ta Tsallake Shinge Ta Mamaye Dazuzzukan Indiya

Da wuya ka tsaya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, a Kaduna ko Jos ko Abuja, ka rasa lantana cikin ledojin da suka jera. Ka ce wa mai lambun kana neman abin da ba zai wahalar da kai ba, ita zai fara ɗauko maka: "Alhaji, wannan ba ta mutuwa. Ko wata guda ka yi ba ka nan, za ka dawo ka same ta da fure." Ba cika baki ya yi ba. Tana jure rana, tana jure ƙishi, ba ta neman taki, dabba ba ta cika kula ta ba, in ka aske ta kuma sai ta ƙara cika. Waɗannan halaye da ke sa a saye ta su ne kuma suka sa ƙasar Indiya ta shafe fiye da shekara ɗari tana faɗa da ita ba ta kai ta ƙasa ba.

Ga wanda bai san ta ba, Lantana camara ƙaramin itace ne mai rassa da yawa. Karanta kusurwa huɗu gare shi, a wasu nau'o'in da 'yan ƙayoyi masu lanƙwasa. Ganyen yana da kaushi, in ka murza shi a hannu warinsa zai daɗe bai bar ka ba. Furannin ƙanana ne, sun cure wuri guda, kuma a curi ɗaya za ka ga launi biyu ko uku. Akwai dalili. Fure yakan buɗe ne yana rawaya, da ruwan zaƙi a cikinsa. Da zarar ƙwaro ya sha ya yi masa barbara, sai ya rine zuwa ruwan lemo ko ja ko ruwan hoda. Tsofaffin furannin ba sa zubewa nan da nan, suna nan suna ƙara wa curin girma don malam-buɗe-littafi ya hango daga nesa, in ya iso kuma ya nufi masu rawayar kai tsaye. Masanin halittu Fritz Müller ya lura da wannan a Brazil, ya rubuta wa Charles Darwin wasiƙa a kai a 1877. Bayan fure sai 'ya'ya, ƙanana kore shar, su nuna su zama baƙi. Itace guda mai ƙoshi yana iya zuba iri har 12,000 a shekara.

Asalinta nahiyar Amurka ce, daga Meziko da tsibiran Karibiyan zuwa Amurka ta Kudu. 'Yan kasuwar Holan ne suka kai ta Turai a ƙarni na 17. Can sanyi ba ya barinta ta rayu a waje, sai a ɗakunan gilashi, inda masu lambu suka yi ta haɗa wannan nau'i da wancan suna neman sabon launi. Wannan wasa na masu lambu ya fitar da ɗaruruwan nau'o'i, ana ƙiyasta kusan 650 a faɗin duniya. Saboda haka abin da jiragen ruwan Turawa suka kwasa zuwa ƙasashen da suke mulka ba ainihin tsiron dajin Amurka ba ne. Ruwa-biyu ne da aka ƙirƙira a lambu. A riƙe wannan, don shi ne ya karya lagon masu yaƙi da ita daga baya.

Yadda ta fita daga lambu

Kamfanin East India na Turawan Ingila ya kafa babban lambun tsirrai a gefen kogin Hooghly, daura da birnin Kalkata, a 1787. Nan aka kawo lantana wajen 1807 a matsayin fulawar ado. Daga nan ta bi Turawa zuwa barikokin soja da gidajen jami'an mulki da garuruwan kan tudu inda suke zuwa shan iska lokacin zafi. A yankin Kodagu na kudu, wanda Turawa ke kira Coorg, masu gonakin kofi suka ga ta dace da shinge: tana girma da sauri, ƙayarta tana hana shanu shiga. A lokaci guda kusan, an kai ta Ostareliya a 1841, an kai ta Afirka ta Kudu a 1858.

Tsuntsaye ne suka yi aikin fitar da ita. Bulbul da ire-irensa suna son 'ya'yan da suka nuna, su ci a lambu, su je su yi kashi a daji, kuma irin da ya bi ta cikin tsuntsu ya fi saurin tsirowa domin an saɓule masa naman da ke jinkirta shi. Amma tsuntsu kaɗai bai isa ba. Lantana mai son haske ce, ba ta iya kafuwa a ƙarƙashin kurmin da rassansa suka haɗe suka rufe sama. Wanda ya buɗe mata ƙofa shi ne gatari. Daga shekarun 1850 Turawa suka shiga shimfiɗa layin dogo a Indiya, kowane mil kuma yana cin ɗaruruwan katakai, ga katakon jiragen ruwa, ga sassabe don gonakin shayi da kofi. Duk inda aka kayar da babban itace rana ta sauka ƙasa, lantana ce ke fara zuwa.

A 1914 lamarin ya kai an kafa doka a Kodagu ta tilasta wa masu filaye su tumɓuke ta. Wato cikin shekara ɗari da 'yan kai ta tashi daga abar alfahari a lambun gwamna zuwa abar da ake cin mutum tara a kanta.

Yau ga inda aka kwana. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya bi tarihin yaƙi da ita a ƙasashe uku, ya ƙiyasta ta mamaye hekta miliyan 13 a Indiya, miliyan 5 a Ostareliya, miliyan 2 a Afirka ta Kudu. A 2020 masu bincike na Cibiyar Namun Daji ta Indiya da ke Dehradun suka fitar da nasu, daga bayanan da ake tattarawa lokacin ƙidayar damisa mai ratsi: sun same ta a kimanin murabba'in kilomita 154,000, fiye da kashi 40 cikin 100 na dazuzzukan da wannan damisa ke zaune. Faɗin ya ninka jihar Kano sau bakwai da ɗoriya. Tsaunukan Shivalik a arewa, da dazuzzukan tsakiyar ƙasar, da kudancin tsaunukan Western Ghats ne suka fi jin jiki.

Ɓarnar ba ta da hayaniya, shi ya sa aka daɗe ba a ɗauke ta da zafi ba. Daga nesa dajin kore ne, har da furanni. Sai ka shiga ka ga sarƙaƙiya ce da ta fi tsayin mutum, ba ciyawa a ƙarƙashinta, ba 'yan itatuwa masu tasowa. Inuwarta tana kashe su, saiwarta da ganyenta kuma suna zuba wasu sinadarai a ƙasa da ke hana irin wasu tsirrai fitowa. Barewa da ɓauna da giwa ba su da abin ci a ciki, sai su fita gonakin mutane. Damisa kuma ta bi abincinta, ko ta koma kan shanun ƙauye.

Sara da wuta

Abin da kowa zai fara yi shi ma'aikatan gandun daji suka yi shekara da shekaru: a sa lebura su sare da adda, a bari ta bushe, a cinna wuta. Damina na sauka sai ta dawo ta fi da. Sirrin yana daidai inda kara ya haɗu da saiwa, dab da fuskar ƙasa. Nan ne idanun toho suke kwance. Ka sare sama ka bar wannan gindi, kara ɗaya zai dawo maka biyar ko goma. Reshen da aka yar a ƙasa mai laima shi ma yana yin saiwa ya zama sabon itace. In kuma aka kawo katafila ta tumɓuke, sai ta birkita ƙasa ta fito da irin da ke binne zuwa haske, su tsiro gaba ɗaya.

Maganar wuta ta fi rikitarwa, kuma nan ne na ga darasin ya fi nauyi. A tsaunukan Biligiri Rangan na jihar Karnataka akwai ƙabilar Soliga, mazauna dajin tun kaka da kakanni. Al'adarsu ce su cinna wa busassun ganyayen ƙasa wuta da farkon rani, lokacin da akwai sauran raɓa da danshi. Wuta ce mai rarrafe, ba ta kai ga rassa, tana share ƙasa ne ciyawa ta fito. Da aka mai da dajin gandun namun daji a 1974, hukuma ta haramta wannan ƙona, bisa fahimtar cewa duk wuta a daji ɓarna ce. Dattawan Soliga sun daɗe suna cewa tun daga nan lantana ta samu sarari, don wutarsu ce ke ƙone irinta da 'yan tsironta kafin su yi ƙarfi. Masu bincike da suka auna filaye guda a dajin a 1997, suka sake komawa a 2008, sun tarar wuraren da take ciki sun tashi daga kashi 41 zuwa kashi 81 cikin 100. Wani gwajin kuma ya nuna wuta tana rage irin lantana mai rai a cikin ƙasa, abin da ya ƙarfafa maganar dattawan.

To amma yanzu ba a iya komawa waccan wuta haka kawai. Lantana ta riga ta yi kauri, tana hawa itatuwa har mita goma ko fiye, da rani kuma ta bushe ƙayau. Wutar da a da take rarrafe a ƙasa yanzu tana samun tsani ta hau har ƙololuwar itace ta kashe shi. A watan Fabrairun 2019 gobara ta ci fiye da eka 10,000 a gandun Bandipur, maƙwabcin wannan yanki, inda lantana ta cika sashe babba na dajin. Itatuwa in sun mutu haske ya ƙaru, haske in ya ƙaru ita ce ke cin riba. A ganina kuskuren 1974 ya fi na 1807 muni. Wanda ya kawo fulawa a 1807 bai san abin da za ta zama ba, amma a 1974 akwai mutane a wurin da suka san dajin, ba a tambaye su ba.

Ƙwari ma an gwada

Lantana na cikin ciyayi na farko a duniya da aka yi wa gangamin yaƙi da ƙwari. A 1902 aka tura masanin ƙwari Albert Koebele zuwa Meziko ya kwaso masu cin ta ya aika tsibirin Hawai. Tun daga lokacin an saki fiye da iri 40 na ƙwari da cututtuka a ƙasashe daban-daban. Indiya ta karɓo wani ƙuda mai cin 'ya'yanta daga Hawai a 1921. A 1941 aka shigo da wani ƙwaro mai tsotson ganye daga Ostareliya zuwa cibiyar binciken daji ta Dehradun; da aka ga a ɗakin gwaji yana taɓa furen itacen tik, wanda shi ne katakon da gwamnati ta fi ji da shi, sai aka fasa sakinsa aka ce a hallaka shi. Ya riga ya sulale. Ya bazu a ƙasar, bai yi wa tik wata ɓarna ba, lantanar ma sai dai ya kakkaɓe mata ganye na ɗan lokaci ta sake tohowa.

Dalilin gazawar ya koma can ɗakunan gilashin Turai. Ƙwaron da aka ɗauko daga Meziko ya saba da nau'in dajin Meziko. Ya zo ya tarar da ruwa-biyu iri-iri, wani ya ci mai furen hoda ya ƙi mai ja, wani ya rayu a kwari ya kasa a kan tudu. Ba ƙwaro guda da zai iya da su duka.

Abin da ta yi wa makiyaya

Ganyenta yana ɗauke da guba da ake kira lantadin, mai kama hanta ta hana ruwan maɗaciya fita. Saniya ko tunkiya ko akuya in ta ci da yawa, cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai ta daina cin abinci, kashi ya ɗaure, idanu da dasashi su yi rawaya irin na shawara. Daga nan fatar ta daina jure rana: hanci da kunnuwa da duk inda gashi yake fari ko ba shi da yawa su kumbura, su tsage, su saɓule. Dabbar ta yi ta neman inuwa. Wadda ta ci sosai takan mutu cikin 'yan kwanaki, wata kuma ta ja mako biyu ko uku. Ganye kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin dabbar ya isa ya jawo haka. A kwarin Kangra na jihar Himachal Pradesh abin ya yi yawa har cibiyar binciken dabbobi da ke Palampur ta shafe shekaru tana nazarin gubar. Likitocin dabbobi sukan ɗura wa dabbar gawayin magani da ruwa mai yawa, a ajiye ta a inuwa, kuma sai an yi da wuri yake amfani.

Wani abin lura shi ne dabbar da ta tashi a inda lantana take ta san ta, ba ta ci. Baƙuwa ce ke ci, ko wadda yunwa ta kai wa wuya.

Abin da ya ɗan yi aiki

Hanyar da ta fi ba da sakamako ba ta buƙatar inji ko maganin feshi. Farfesa C. R. Babu na Jami'ar Delhi da abokan aikinsa ne suka tsara ta, aka gwada a gandun Corbett a tsakiyar shekarun 2000. Mutum biyu su zura doguwar sanda ƙarƙashin rassan su ɗaga su gefe, gindin ya bayyana. Na uku ya sa wani ƙaramin gatari mai siririn baki ya datse babbar saiwar 'yan yatsu kaɗan a ƙarƙashin ƙasa, ƙasa da inda idanun toho suke, ba tare da ya tona ko'ina ba. Sai a ɗaga itacen ɗungurungum a kifa shi, saiwa sama rassa ƙasa, don kada ya sake kamawa. In ya bushe a ƙone shi a wurin. Saiwar da ta rage a ƙasa ba ta da ido, ruɓewa take yi. Ana yin aikin ne da sanyi, kafin 'ya'ya su yawaita.

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin shi ne a shuka ciyawar asalin wurin nan take, don fili in ya zauna tsirara ita ce za ta riga kowa dawowa, sannan a yi ta zagayawa ƙarƙashin itatuwan da tsuntsaye ke sauka ana cire 'yan tsiro da hannu har shekara uku ko fiye. A Corbett filayen ciyawa sun dawo, barewa ta dawo. Matsalar kuɗi ne da haƙuri. Kasafin gwamnati yakan biya kuɗin sara na shekara guda, ba ya biyan na bibiya, kuma filin da aka share aka bari daidai yake da wanda ba a taɓa ba.

Wasu kuma suka ce tun da ta ƙi tafiya, a ci moriyarta. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar bincike ta ATREE da ke Bangalore ta fara koya wa 'yan Soliga na tsaunukan Male Mahadeshwara yin kujeru da tebura da kwanduna da karanta, a madadin gora da kwagiri da suka yi ƙaranci. Ana zaɓar kara mai kauri, a dafa shi a babbar tukunya, a ɓare ɓawon, a lanƙwasa shi tun yana da taushi. A yankin Nilgiri masu sana'a sun ƙera giwaye da shi, girmansu daidai da na masu rai, kowace an kwaikwayi wata giwa da aka sani a dajin. Guda ɗari aka baje a wuraren shaƙatawa na Landan a 2021, wasu kuma suka zagaya Amurka daga 2024. Iyalai sun samu abin yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada a ruɗi kai: mai yin kujera kara yake yanka, ba saiwa ba, kuma kowa ya ga abin da sara ke haifarwa. Kujeru nawa za a yi kafin a cinye hekta miliyan 13?

Mai lambun gida a nan

Ostareliya ta sa ta cikin jerin ciyayi mafiya haɗari na ƙasa a 1999, jihohin Queensland da New South Wales sun hana sayar da ita. Afirka ta Kudu ta wajabta wa mai fili ya kawar da duk nau'in da ke yin iri. A Kenya da Uganda da Habasha ta ci wuraren kiwo, a yankin Busoga na Uganda ma an danganta sarƙaƙiyarta da yaɗuwar ƙudan tsando mai kawo ciwon barci.

A Kano ko Katsina ko Maraɗi, doguwar rani tana taka mata burki a wajen gida, in ba a fadama ko bakin rafi ba. Inda ruwa ya fi yawa, kamar kudancin Kaduna da tudun Jos da Mambila, yanayin ya fi kusa da wanda ta samu a Indiya, musamman inda ake sare kurmi don gawayi. A cikin gari kuwa haɗarin da ya fi kusa na tsakar gida ne. An saba in aka aske shinge a watsa wa awaki ganyen, ko a zuba gaban ragon layya da ke ɗaure, wanda baƙo ne daga wani gari kuma ba shi da zaɓi sai abin da aka ba shi. Ɗanyun 'ya'yan kore suna da guba ga yara ma, ga su a daidai tsayin hannun mai tatata.

Ban ce kowa ya tumɓuke tasa ba. Akwai nau'o'in da aka fitar ba sa yin iri ko kaɗan suke yi, irin su New Gold mai rawaya zalla, da Bloomify Red da Bloomify Rose na Jami'ar Florida. Sai dai fulawar bakin titi ba ta zuwa da suna, dashe ne daga dashe, mai sayarwa launi kawai zai iya gaya maka. Gwajin yana hannun mai gida: in furanni suka zube, a duba kan sandar bayan mako biyu ko uku. In ya bushe fayau, an dace. In ya cure da 'yan ƙwallaye kore, to mai haihuwa ce, sai a riƙa tsinke kawunan da almakashi kafin su yi baƙi, wanda hakan ma yana sa ta ƙara fure. Abin da aka aske a shanya shi a kan siminti ko kwano inda dabba ba ta kaiwa, ya bushe a ƙone, kada a kai shi bola ko bakin kwata da damina.